Saura Kwana Shida

Ranar Asabar, ashirin da biyu ga Maris 1980, da harbi ya sake ɓarkewa a Injamena, Zuleha tana kwana na tara a ɗaki. Lissafin na Goggo Mairama ne, ƙanwar mahaifinta, wadda ta shekara talatin tana gyaran amare a unguwar Ridina. Ta yanke kwana talatin, kuma ba a taɓa jin ta rage wa wata amarya ko yini ɗaya ba.

Zuleha tela ce, shekarunta ashirin da takwas, aurenta na fari ya mutu shekara huɗu baya. An ɗaura aurenta da Ilyasu mahauci ranar Juma'a bakwai ga wata, aka sa tarewa sha biyu ga Afrilu. Ba wanda ya haɗa su. Shekara guda ya yi yana kawo mata riguna gyara, har da waɗanda ba abin da ya same su.

Uwar Ilyasu, Hajja Batulu, Shuwa ce, kuma 'ya'yanta mata uku duk sun ɗauko haskenta. Ranar da suka kawo lefe, ƙaramarsu Hanatu ta raɗa wa ta tsakiya cewa da an ƙara wa Yaya fitila a cikin kayan, don ya riƙa gane inda amarya take. Raɗar ba ta yi ƙasa yadda ta zata ba. Washegari Zuleha ta shiga babbar kasuwa ta sayi wani mai a kwalba mai hoton farar mace, wanda ɗan tiredan ya ce daga bakin teku ake kawo shi. Ta shafa safe da yamma. Mako biyu na farko ta ga haske. A na huɗu kumatunta suka ɗauki zafi, fatar ta saɓule, inda ya bushe ya bar baƙin tabo kamar an goga mata gindin tukunya, ga zobe-zobe masu fari a goshi. Ranar ɗaurin aure ta yini cikin mayafi, ta ce ciwon ido take. Bayan mako guda ta buɗe wa Goggo.

Mairama ta juya fuskar wajen hasken ƙofa, ta duba dama, ta duba hagu. Ta ce a miƙo kwalbar. Ta sunsuna, ta fita da ita, aka ji faɗawarta a masai.

"Mace da hankalinki," ta ce da ta dawo. "A gidan nan kike kwana. Mata nawa kika ga sun shigo mini da irin wannan fuskar suna kuka?"

"Goggo, za ta gyaru?"

"Ni ba na mayar da baƙa fara. Wanda ya ce miki ya iya, ga aikinsa nan a kumatunki. Abin da na iya shi ne in mayar da fata launi ɗaya, wanda aka haife ta da shi. Kwana talatin. Rana ba za ta ga fuskar nan ba, ko ta tsagar ƙofa. Ki wanke ta sau biyu, asuba da magariba, da ruwa mai ɗan ɗumi da tafin hannu. Ba soso, ba sabulun wanki. Tsumma mai laushi, ki danna, kada ki goge. Man kaɗe kamar ƙwayar gyaɗa, ba fiye ba. Abin da ya ɓamɓaro ki bar shi ya faɗi da kansa. Kika sa farce, kin sayi tabon shekara. Duk wadda ta ce ki matsa lemon tsami, ki turo mini ita."

"Dilka fa?"

"Dilka ta jiki ce. Fuska sai ta yafe miki tukuna. Ba ni madubin."

Ta kulle madubin a akwatinta.

Gidan ɗaki shida ne, huɗu na 'yan haya. Kafin makon farko na yaƙin ya cika duk huɗun an sa musu kwaɗo. Mutane suna wucewa ta ƙofar gida da katifu a ka, da tsofaffi a baro, suna nufin bakin kogin Shari inda kwale-kwale ke ƙetarar da su Kusuri, ɓangaren Kamaru. Ilyasu ya ƙetarar da uwarsa da ƙannensa ranar Talata. Ya aiko wata maƙwabciya ta ce su haɗa kaya, zai dawo ya ɗauke su da zarar hanya ta samu.

Famfo ya ɗauke ranar Laraba, lantarki tun kafin nan. Akwai rijiya a gidan da ke bayansu, wanda masu shi suka tafi suka bar shi a buɗe. Mairama tana zuwa sau ɗaya a yini, wajen azahar, lokacin da mayaƙa ke cin abinci kuma harbi ke lafawa. Bokiti biyu take ɗebowa. Kafin a taɓa na sha ko na alwala sai ta ware buta ɗaya ta fuska. Abincinsu rabin buhun gero ne, da busasshiyar kuɓewa, da kwalbar man gyaɗa.

Aikin bai tsaya ba. Bayan kowace sallar asuba Mairama ta hura itacen dorot mai ƙamshi a ramin da ke ƙarƙashin rumfa, Zuleha ta zauna a kai cikin bargo, kanta a waje, har gumi ya keto mata, sannan ta koma ɗaki kafin rana ta hau katanga. Duk bayan kwana uku a murza mata dilka daga wuya zuwa ƙafa. Sauran yinin tana cikin ɗaki mai rufin kwano, ƙofa a sakaye, tana shan ruwan da Goggo ke ƙirga mata kofi-kofi, tana jin ƙarar manyan bindigogi tana matsowa tana ja da baya.

A kwana na goma sha bakwai hayaƙin ya kawo baƙi. Mutum biyu ne, kombatan, kamar yadda garin ke kiran mayaƙan kowane ɓangare. Suka ture ƙofa suka shigo da bindigogi a gaba. Zuleha ta riga ta shige ɗaki. Babban, mai rawani har hanci, ya yi magana da Larabci.

"Wa kike dafa wa abinci? Kwana uku muna ganin hayaƙin nan daga kan bene, kullum lokaci ɗaya."

"Leƙa ka ga tukunyar," in ji Mairama.

Ya tona ramin da bakin bindiga. Ƙamshin ya tashi. Na biyun, dogo mai tsiron gemu, ya fashe da dariya.

"Dukhan ne, turaren mata! Amarya ce da su. Hajje, gari yana ci da wuta ke kina turara amarya?"

"Ni ma wuta nake hurawa, amma tawa ba ta kashe kowa ba."

Babban ya ɗaga labulen ɗakin, ya ga mace ɗaya zaune a lulluɓe, ya leƙa ƙarƙashin gado, ya saki. Ya ce daga yau kada ya sake ganin hayaƙi, domin na ɗaya ɓangaren su ma suna da ido, kuma su ba leƙe suke zuwa ba, wuta suke aikowa. Ya ɗauki ƙullin sukarin da aka ajiye don halawar cire gashi ya cusa a aljihu. Dogon ya tsaya a bakin zaure har abokinsa ya fita, sannan ya ɗaga haɓarsa. Wuyansa duk ƙuraje ne, wasu sun yi ruwa.

"Wannan fa, Hajje?"

"Da me kake aski?"

"Reza. Mu biyar muke amfani da ita."

"To ka bar wa huɗun. Ka jiƙa tsumma a ruwan ɗumi ka ɗora safe da yamma, ka daina matsa su. Kuma hannun da kake shafa wa bindiga mai da shi, kada ya hau fuskarka."

"Ina zan sami ruwan ɗumi?"

"Inda kuka sami wutar da kuke ƙona gidaje."

Ya dube ta kamar zai yi fushi, sai ya gyaɗa kai ya fita. Daga ranar Mairama ta mayar da turaren cikin ɗaki, a kasko, da garwashi kaɗan.

Ilyasu ya zo ranar Lahadi shida ga Afrilu, kwana na ashirin da huɗu, da hantsi. Tun safe ba a ji harbi ba. An ce an tsagaita wuta. A lokacin baƙin ɓawon da ke kumatun Zuleha ya gama zubewa, sabuwar fata ta fito ja, siririya kamar bawon albasa.

Ya yi sallama ya shigo da hula a hannu, busasshen taɓo har gwiwarsa. Mairama ta shimfiɗa masa tabarma taku biyar daga ƙofar ɗakin, kamar yadda ake yi, domin ango ba ya ganin amaryar da ke hannun mai gyara. Suka gaisa, ya sha ruwa.

"Goggo, mai kwale-kwale yana jirana har la'asar. Ku ɗauko abin da za ku iya ɗauka, mu tafi."

"Saura kwana shida."

"Na me?"

"Na aikina."

Ya yi dariya, ya ga ita ba ta yi ba. Ya juya wajen labule.

"Amarya, kina jina, ko dilkar ta toshe kunnen?"

"Ina ji. Sannu da hanya."

"Hanya sai godiya. Shinge bakwai na wuce. A kwanar kasuwar gero akwai mutum biyu kwance tun shekaranjiya, ba wanda ya ɗauke su. Ki fito haka nan, ƙamshin da kika tara ya ishi Kusuri da kewayenta."

Labulen bai motsa ba. Mairama ta gyara zama.

"Ba ƙamshi ba ne. Fuskarta ce ta ƙone. Mai ta shafa."

"Goggo!"

"Mijinki ne. In bai ji daga bakina ba zai zata hauka muke."

Ilyasu ya juya hular a hannunsa sau biyu.

"Maganar fitilar nan ce? Ta zo kunnena. A ranar na yi wa Hanatu tatas, sai da ta kwana ba ta ci tuwo ba. Zule, ni da tsakar rana na gan ki, kina kan keke kina zagin wani a kan zip. Kuma ni mahauci ne. Fata majema nake tura wa, abin da ke ciki nake saye."

"To da ka auri saniya mana."

"Na nema, uwayenta sun ce ba su yarda da sana'ata ba."

Aka ji 'yar dariya a bayan labule, gajeriya. Sannan muryar ta sauka.

"Ba da kai nake ba. Ɗaki ɗaya za ka kai ni da su. Su za su buɗe mayafin, ido shida ban da na Hajja. Abin da suka gani a ranar shi ne sunana har in mutu."

"Ana maganar rai kina maganar suna."

"Kai namiji ne. Da safe ka fice kasuwa."

Ilyasu ya ce tsagaita wutar nan ba ta kwana shida ba ce. Ta baya ko yini ba ta cika ba. Ya ce a lulluɓe ta da mayafi biyu. Mairama ta tambaye shi shinge nawa ya ce ya wuce, kuma a wanne ne ba sa cewa mace ta ɗaga mayafi. Ta tambaye shi awa nawa ake yi a bakin ruwa ana jiran layi, kuma ko akwai inuwa. Ya ce huɗu, wani lokaci biyar. Inuwa babu.

"Goggo," in ji Zuleha, "tsakaninki da Allah. In na fita yau, me zai faru?"

Mairama ta san amsar da za ta tashe su a lokacin. Amma ba ta taɓa yi wa mace ƙarya a kan fatarta ba.

"Fatar kwana uku ce. Awa biyar a ranar Afrilu, ga gumi a ƙarƙashin mayafi, za ta yi baƙin da ya fi na da. Wannan kuwa ba na kwana talatin ba ne. Shekara, ko fiye. Nan da Asabar ta yi ƙwari, ta ɗauki launinta, ko an fita ba abin da zai same ta. Wannan shi ne abin da na sani. Abin da ke kan hanya, shi ya fi ni sani."

Duka biyun suka jira labulen.

"Asabar," in ji Zuleha. "Don Allah. Kwana shida ne kawai."

Ilyasu ba zai iya zama ya jira tare da su ba. Al'ada ba ta yarda ba, kuma ko ta yarda, namiji mai ƙarfi da aka tarar a gida a makonnin nan, ko a miƙa masa bindiga ko a ce ya fito da wadda ya ɓoye. Ga kuma mutum biyar a Kusuri da ke ci daga yankan da yake yi kullum. Ya ciro ƙullin kilishi daga aljihu ya ajiye a tabarma. Ya ce suna bayan rumfunan mahauta, gidan wani Mudi, duk wanda aka tambaya ya sani.

"Kada ka faɗa musu dalili," in ji Zuleha.

"Me zan ce?"

"Ka ce saura kwana shida. Kada ka ƙara komai."

"Na ji. To a nuna mini ko hannu, in san ba da rediyo na yi hira ba."

Hannu ya fito ta ƙarƙashin labule har wuyansa, yana sheƙi. Ya dube shi daga inda yake zaune, ya sa hularsa, ya ce da hantsin Asabar su kasance a shirye.

Ranar Talata harbi ya dawo, ya fi na da. Wani abu ya faɗa gida na uku daga nasu ya rushe katanga, ƙasa ta zubo daga rufin zaure. Ranar Laraba Mairama ba ta iya zuwa rijiya ba, suka yi taimama, amma butar fuska tana nan a ware. Ranar Alhamis ta yi wa fuskar dilka ta farko, mai laushi, da yatsa biyu, ba ta kai minti uku ba ta wanke. Ta ƙunsa mata lalle hannu da ƙafa. Ranar Juma'a ta yi mata kitso, ta buɗe akwati ta miƙa mata madubin.

Zuleha ta daɗe tana dubawa. Fuskar baƙa ce, launi ɗaya daga goshi zuwa haɓa, sumul, ba a gane inda tabon ya zauna.

"Ita ce ta da," ta ce.

"Ita na ce zan ba ki."

Asabar tun da sassafe suka gama shiri. Ƙulli biyu, kan keken ɗinki a naɗe cikin bargo, kwalaben Mairama a kwando. Ta shafe Zuleha da humra, ta ɗaura mata sabon zane, ta sa mata 'yan kunne da awarwaro. Suka zauna a zaure. Hantsi ya yi, ya wuce. Suka yi azahar ɗaya bayan ɗaya, don kada a buga ƙofa ba kowa. La'asar ta yi. Da rana ta yi ja Mairama ta ce hanya ce ba ta samu ba, gobe zai zo. Zuleha ba ta cire kayan ba.

Lahadi ma haka. Sau biyu aka ji tafiya a bakin layi, sau biyu ta wuce.

Litinin bayan asuba Mairama ta ce ba sauran gero da zai kai Laraba, kuma ta san hanyar kogi. Suka bar kan keken. Suka bi bayan wasu iyali daga unguwar Habbena da ke tura amalanke. Shinge tara suka wuce; a shida daga ciki aka ce Zuleha ta ɗaga mayafi, ta ɗaga. A kwanar kasuwar gero mutanen da ke kwance sun zama biyar. A bakin Shari suka yi awa shida cikin layi, a kan yashi. Kwale-kwalen ya ɗauki mutum ashirin da uku da akuya ɗaya, ruwa yana taɓa leɓensa.

Kusuri ta cika ta batse. Mutane a gindin kowace bishiya, rumfunan zana da na buhu har cikin titi. Suka tambayi rumfunan mahauta, suka tambayi gidan Mudi. Wanda suka tambaya ya nuna musu da haɓa, ya ƙara da cewa, "Inda ake zaman nan."

A ƙofar gidan an shimfiɗa tabarmi huɗu, maza suna zaune, ga tiren dabino da ƙosai na sadakar uku. Abdulgani, ƙanen Ilyasu, wanda ke tsaya masa a rumfa, ya taso da ya gane Mairama. Ya tare su kafin su iso tabarmin. Ya dubi lallen da ke ƙafar Zuleha, ya kawar da kai.

Ya faɗi abin a tsaye, cikin 'yan kalmomi. Asabar da safe Yaya ya shiga kwale-kwale. Sun wuce tsakiyar ruwa, saura kaɗan su kai gaɓar Cadi, aka buɗe wuta. Ba wanda ya san daga wane ɓangare. Harsashi uku suka sami jirgin. Ɗaya ya shiga ƙarƙashin haƙarƙarinsa. Mai jirgin ya juyo da su. Ya cika kafin azahar, aka rufe shi bayan la'asar. Ba wanda ya yarda ya ƙetara ya kai musu labari.

"Mun hana shi," in ji Abdulgani. "Tun Juma'a ake harbi a bakin ruwa. Ya ce ya yi alkawarin Asabar. Har laima ya saya, baƙa, sabuwa. Mutumin da tun da nake ban taɓa ganinsa da laima ba."

Mairama ta ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Abdulgani ya wuce gaba ya kai su cikin gida.

Matan suna ƙarƙashin wata rumfar zana a bayan gidan, wajen su goma sha biyar. Ƙamshin humra ya riga su shiga, kawuna suka ɗago. Hajja Batulu tana jingine da turke, carbi a hannu, 'ya'yanta uku a gefenta. Mairama ta durƙusa ta yi ta'aziyya, Zuleha ta durƙusa a bayanta. Hajja ta amsa duk addu'o'in har ƙarshe, sannan ta ajiye carbin a cinyarta.

"Mairama, abu ɗaya zan tambaye ki. Ranar Lahadi ya je, hanya lafiya lau, ya dawo shi kaɗai. Na ce ina suke, ya ce saura kwana shida. Na ce na me, ya ce shi dai saura kwana shida. Na tambaye shi da safe, na tambaye shi da yamma. Har ya rasu bai faɗa ba. Kwana shida na me?"

"Laifina ne, Hajja. Ni na riƙe ta. Aiki ne ban gama ba."

"Gyaran amarya? Dilka da hayaƙi? Ai ko a nan ana yi."

"Ni na roƙe shi," in ji Zuleha daga cikin mayafi. "Fuskata ce ta ɓaci. Na ce ba zan zo muku da ita haka ba."

Hanatu ta sunkuyar da kai. Hajja Batulu ta miƙa hannu.

"Matso."

Zuleha ta matsa da gwiwa. Tsohuwar ta kama bakin mayafin ta yaye shi baya. Ta riƙe haɓarta ta juya ta wajen haske, ta kai fuskarta kusa, domin idonta ya fara rauni. Ta shafa kunci ɗaya da babban yatsa, ta shafa ɗayan. Matan rumfar duk suna kallo.

"Me ya same ta?"

"Tabo ne," in ji Mairama. "Nan da nan, da goshi."

"Ina tabon?"

Tsohuwar ta sake juya fuskar wajen haske.

"Ni ban ga komai ba," in ji Hajja Batulu. Ta saki haɓar. "Ku kun ga wani abu?"

Ta koma ta jingina da turken, ta ɗauki carbinta. Bayan ɗan lokaci ta yi magana ba tare da ta dubi kowa ba. Ta ce ta riga ta tambayi liman: tunda an ɗaura, ko ba a tare ba, takaba ta hau. Wata huɗu da kwana goma, daga ranar Asabar. A nan za ta yi ta, a rumfar nan, tare da su, domin ba inda za a kai ta. Ta ce a ba ta ruwa ta wanke ƙamshin, a nemo mata tsohon zane, ta cire abin da ke kunnenta da hannunta.

Wata mata ta tashi ta tafi ɗebo ruwan. Zuleha ta zare awarwaron ɗaya bayan ɗaya, ta kwance 'yan kunnen, ta haɗa su a tafin hannu. Mairama ta miƙo nata hannun don ta karɓa. Zuleha ta dubi hannun, ta ajiye kayan a kan tabarma, ta tashi ta bi mai ruwan.